Prisoners ko Memories of Murder, wanne zaka saka wa majalisa?

Mutanenmu nan Garwa in fim ya ƙare ba'a kashe bos ba kuma ba'a ɗaura aure ba, abu na farko da zaka ji shine "kai wannan bai gama sauka ba, ina sauran?" ko wani yace a nemo kashi na biyu. Toh akwai finafinan da masu su da gangan suka yanke su haka, kuma biyu daga ciki sune ake yawan haɗawa a musu, Prisoners na Amurka da Memories of Murder na Koriya ta Kudu. Dukansu labarin ɗan sanda ne da mai laifi, dukansu masu nauyi ne a zuciya, dukansu sun haura awa 2, kuma dukansu suna tsayawa daidai inda kake jiran a baka amsa. Amma yankewar ba iri ɗaya bace, wanda yaji daɗin wannan ba lallai ya iya jure wancan ba. Wannan rubutun na wanda ke zaɓo wa majalisa fim ne, wanda in abin bai yi armashi ba shi za'a yi ta caccaka har sati, don haka zan fasa ƙwan gaba ɗaya. In kai ɗan kallo ne kawai baka so a faɗa maka ƙarshe, ka tsaya anan.

Prisoners ya fito a 2013, Denis Villeneuve ɗan Kanada ne ya bada umarni, tsawonsa minti 153. Yara mata biyu, Anna da Joy, suka ɓace ranar wani bikin cin abinci na iyali a wani ƙaramin gari a jihar Pensilbaniya. 'Yan sanda suka kama wani saurayi, Alex, wanda aka ga motarsa mai ɗaki a ciki a layin, amma hankalinsa bai wuce na yaro ɗan shekara 10 ba kuma babu wata shaida a motar, sai suka sake shi. Uban Anna, Keller Dover, wanda Hugh Jackman ya fito a matsayinsa, yace shi bai yarda ba, domin a bakin kumisariya yaron ya raɗa masa wata magana da ta nuna ya ga yaran, kuma ba wanda yaji sai shi. Sai ya sace Alex ya kulle shi a wani kangon gida na mahaifin shi Keller ɗin, duka har fuska ta kumbura ba'a gane ta, daga baya ya ƙera masa wani akurki na katako a banɗaki inda ba zama ba kwanciya, yana sakar masa tafasasshen ruwa ko mai ƙanƙara. A gefe guda kuma ɗan sanda Loki, wato Jake Gyllenhaal, yana bin sawu a hankali, gawa a ƙarƙashin gidan wani fada na coci, wani mutum mai tara macizai a akwatuna da kayan yara da ya shafa wa jinin alade, duk abubuwa ne da kamar basu da alaƙa.

Ƙarshe dai mai laifin itace Holly, tsohuwar da kowa ya ɗauka gwaggon Alex ce, ashe shi kansa Alex ɗin sato shi suka yi ita da mijinta shekara 26 da suka wuce. Ɗansu ne ya mutu da ciwon daji sai suka ce wai sun ɗaura yaƙi da Ubangiji, wa'iyazu billahi, suna sace 'ya'yan mutane don iyaye su rasa imani su koma shaiɗanu. Keller ya gano ta ya tafi shi kaɗai ba tare da ya gaya wa kowa ba, ta tsare shi da bindiga, ta sa ya ɗaure kansa da ankwa ya sha wani abu mai bugarwa, ta harbe shi a ƙafa ta jefa shi wani rami da ke ƙarƙashin tsohuwar mota a bayan gida ta mayar da motar kai. A cikin ramin ya tsinci jan usur ɗin 'yarsa. Loki yazo gidan ya tarar tana yi wa Anna allura, suka yi harbe-harbe harsashi ya shafe shi a kai, ya kashe ta, ya ɗauki yarinyar da gudu zuwa asibiti jini na shiga masa ido. Kowa ya ɗauka Keller guduwa yayi. Wani dare masu tono a gidan suka tattara kayansu saboda ƙasa ta daskare, suka kashe fitilu suka tafi, Loki na tsaye shi kaɗai sai yaji ƙarar usur can ƙasa-ƙasa, ya girgiza kai kamar kunnensa ne, ya sake ji, ya juyo. Allo yayi baƙi. Shikenan.

Musun da ake yi anan kashi biyu ne. Wasu sunce Keller ya riga ya mutu, usur ɗin a kan Loki kawai yake, kuma hujjarsu ba ta banza bace. Holly da bakinta ta gaya masa in ya iya ɗaure ƙafar ya tsaida jinin zai iya kaiwa awa 24, kuma tsakanin faɗawarsa ramin da daren nan an kwantar da Loki a asibiti, matar Keller tazo tayi masa godiya, har jarida ta buga labari, ga sanyin da ya daskarar da ƙasa. Sannan mutumin da harsashi ya shafa a kai, wanda kuma a asibitin ne aka gama yi masa zancen usur ɗin, meye abin mamaki in kunnensa ya riƙa jiyo masa shi? Ni dai ban bi wannan ba. Tun daga farko fim ɗin bai taɓa nuna mana wani abu da babu shi ba, ba mafarki ba gizo, to don me zai fara a minti na ƙarshe? Kuma an nuna mana Loki mutum ne da ƙaramin abu baya wuce shi, shine ya lura da ƙofar da aka toshe da firij a gidan fada, shine ya koma ƙarƙashin taga ya tsinci safar yarinya a cikin laka, har an faɗa a fim ɗin cewa bai taɓa riƙe bincike ya kasa warware shi ba. Zancen usur da aka yi masa a asibiti ni a wajena shiri ne, don in yaji ya san ko ƙarar meye. Marubucin fim ɗin ma, Aaron Guzikowski, ya taɓa faɗa cewa sun ɗauki wani ƙarshen inda aka matsar da motar aka ga Keller a ciki, suka ajiye shi suka zaɓi wannan.

Don haka zancen ko an ciro shi ko ba'a ciro shi ba, minti biyar ya isa a gama shi. Inda majalisa zata kama da wuta shine, in an ciro shi sai me? Matarsa ta tambayi Loki ko za'a ɗaure shi, yace da alama. Kaga kenan daga rami sai gidan yari, kuma mutumin da ya azabtar yaro ne da aka zalunta tun yana ƙarami, wanda bai taɓa yaran da mugunta ba. Anan fa zaka ga an rabu. Mu da muke jin labarin masu garkuwa da mutane ta wajen Tuboro da Mayo-Rey, muna ganin iyalai na saida shanu don su fanso nasu, ba sai an yi mana bayanin abinda uba yake ji ba, kuma wallahi mafi yawan masu 'ya'ya a wajen zasu ce da sune sai sun yi abinda yafi haka. Sai wani ya tuna musu cewa irin wannan tabbacin ne ke sa a yi ihun ɓarawo a kasuwa a taru a kashe mutum kafin jandarma su iso, washegari a gano ba shi bane. Kuma fim ɗin mugu ne ta nan, bai bar kowa da gaskiya cikakkiya ba, domin abinda ya kai Loki gidan Holly a daren shine an gano Alex a kangon an tura shi ya sanar da ita, wato ba don aika-aikar Keller ba da watakila bai je a kan lokaci ba. Amma dukan kansa bai fito da sunan kowa ba. Akwai wani wuri da nake so mutane su lura, fim ɗin ya buɗe da Keller yana karanta addu'ar Kiristoci yana koya wa ɗansa harbin barewa, can tsakiya kuma ya durƙusa a gaban akurkin yana karanta ta, da yazo inda ake cewa a yafe mana kamar yadda muke yafe wa waɗanda suka yi mana laifi sai bakinsa ya kasa ƙarasawa.

Memories of Murder kuma wani abu ne daban. 2003 ya fito, na Bong Joon-ho ne, wanda daga baya yayi Parasite da ya kwashi Oscar 4 a 2020, tsawonsa awa 2 da minti 10 da 'yan kai. Shi an gina shi ne akan abinda ya faru da gaske, kisan mata 10 a yankin Hwaseong tsakanin 1986 da 1991, kuma lokacin da aka yi fim ɗin ba'a san wanda yayi ba. Ƙauye ne mai gonakin shinkafa shimfiɗe da kwalbatoci, in ka taɓa bi ta wajen Lagdo ko Yagwa lokacin da shinkafa ta nuna toh kusan haka wajen yake a ido. Ɗan sandan garin, Park, wanda Song Kang-ho ya fito, yana taƙama cewa shi in ya kalli idon mutum ya san mai laifi, abokin aikinsa kuma ba ya tambaya sai dai ya tashi sama ya sauke wa mutum ƙafa a ƙirji, har yana saka wa takalminsa wata 'yar riga don kar ya bar tabo. Aka turo musu wani daga Seoul, Seo, mai cewa takarda bata ƙarya. Suka kama wani yaro mai taɓin hankali suka koya masa abinda zai faɗa, abin ya watse a gaban 'yan jarida, suka kama na biyu suka rataye shi kai ƙasa shima ya amsa laifin da bai yi ba. Park har wajen boka yaje. Zaka yi dariya sosai a rabin farko, dariyar da daga baya zaka ji kunyarta.

Kuma lokacin mulkin soja ne na Chun Doo-hwan, fim ɗin bai yi ta wa'azi akai ba amma yana nan a ko'ina. Daren da suka tabbata za'a sake kisa, saboda ana ruwa kuma an saka waƙar nan a rediyo da kullum ake roƙa kafin a kashe mace, shugabansu ya buga waya yana neman ƙarin ma'aikata aka ce duk an kwashe su zuwa Suwon murƙushe zanga-zanga. Yarinya 'yar makaranta kuma an kashe ta ne daidai lokacin da jiniya ke kaɗawa ana atisayen kashe fitilu kowa ya rufe ƙofa.

Na ukun da suka zarga shine matsalar. Saurayi ne ma'aikacin masana'anta, shi yake aika katin roƙon waƙar, bai daɗe da zuwa garin ba aka fara kisan, hannunsa laushi kamar yadda matar da ta tsira ta kwatanta, kuma ko kaɗan baya tsoronsu. Wanda ya ga kisa da idonsa shine yaron nan mai taɓin hankali, da suka gane haka suka kai masa hoto sai ya rikice ya gudu ya hau layin dogo jirgi ya bi ta kansa. Koriya a lokacin basu da na'urar gwajin DNA sai suka tura samfurin da suka samu Amurka. Seo, mai takarda, ya kasa jira, ya ja saurayin bakin wata hanyar jirgi da ta ratsa cikin dutse ana tsuga ruwa zai harbe shi, sai ga Park da ambulan ɗin sakamakon gwajin, sakamakon bai tabbatar da shi bane. Mai cewa takarda bata ƙarya yace wannan ƙarya take. Mai karanta ido ya riƙe fuskar saurayin ya kalla ya kalla yace shi bai sani ba. Saurayin ya shige cikin duhu da ankwa a hannu. Sai aka tsallaka 2003, Park ya bar aiki yana tallan injin matse 'ya'yan itace, ya tsaya a kwalbatin da aka tsinci gawar farko ya leƙa, wata yarinya tace masa kwanan nan ma wani mutum yazo ya leƙa, yace yana tuna wani abu da ya taɓa yi anan da daɗewa. Yaya fuskarsa take? Tace irin ta kowa. Park ya juyo ya zuba wa kyamara ido, wato kai mai kallo, fim ya ƙare.

Wannan kam a buɗe yake da gaske. A Prisoners ka san wanda yayi, ka san dalili, ka san inda kowa yake, abu ɗaya aka rage maka kuma shima an kusa faɗa. Anan ko sunan baka samu ba. Masu cewa saurayin ne suna da waƙar da hannun da lokacin zuwansa, kuma zasu ce ai samfurin da aka kwaso daga gona a irin wannan sakacin na 'yan sandan ƙauye, da tarakta na bi ta kan sawun ƙafa, zai iya lalacewa. Masu cewa ba shi bane zasu ce sau biyu fim ɗin ya nuna maka 'yan sanda sun rantse akan mutum ya zama ba shi ba, na ukun kawai bambancinsa shine kai ma wannan karon ka rantse tare dasu. Ni nan na tsaya. Inaga da gangan aka sa ka ji kana so Seo ya danna kunamar, don ka gane kai ma da an baka ɗakin ƙasa da mutum a ɗaure ba lallai kafi su ba. Kallon ƙarshen kuma shi Bong ya faɗa cewa yana ganin mai kisan zai zo ya kalli fim ɗin, yana so su haɗa ido.

Toh wanne? In majalisarku irin ta mutum goma ce da shayi da masu shigowa a tsakiya suna tambayar wa ya mutu, Prisoners. Labarin a miƙe yake, uba da 'yarsa, ba wanda zai ce bai gane ba, ana samunsa da muryar Faransanci, kuma musun da zai biyo baya kowa nada abin cewa ko bai san komai akan fim ba, don ba akan fim ɗin ake musun ba a gaskiya, akan kai me zaka yi ne. Babu batsa a cikinsa amma zagi da azabtarwar suna da yawa, mai raunin zuciya ko wanda aka taɓa ɗauke masa wani nasa kar ka zaunar dashi ba tare da ka gaya masa ba. Sai dai ka kula da abu biyu. Roger Deakins ne ya ɗauki hoton, yayi kyau har an saka shi takarar Oscar amma duhu ne dashi, ruwa da dare da fitilar mota, a waya da rana ba abinda zaka gani sai fuskarka. Na biyu kuma shine mafi muhimmanci, ƙarshen gaba ɗaya akan ƙara ɗaya siririya yake, in kuran ya ɗauke aka tada janareto, ko fanka na kaɗawa 'yan moto na wucewa a layi, rabin mutane baza su ji usur ɗin ba, zasu ga mutum ya juya kawai allo yayi baƙi su ce ka cuce su. Ka nemi sifika mai kyau, in an zo wajen da masu tono ke tattara kaya ka ce kowa yayi shiru.

Memories of Murder a ganina yafi shi, kuma ba da kaɗan ba. Prisoners yana da wuraren da aka cusa don a ruɗa ka, mutumin macizan nan misali, in ka cire shi labarin bai rasa abu mai yawa ba, kuma tsohuwar da ta tsaya tana bayanin dalilinta da bindiga a hannu irin abin finafinai ne da muka saba. Na Koriyan ba ruwansa da wannan. Amma na mutum uku ne ko huɗu masu haƙuri. Yaren Koriya ne, in da rubutun Faransanci a ƙasa ka samu toh wanda baya karatu da sauri sai an riƙa fassara masa, sunayen kuma suna kama da juna, ɗan sandan Park wanda ake zargin ma Park. Akwai gawarwakin mata da wasu wurare biyu uku da ba'a kallo da yara ko a gaban manya, wannan ka sani tun kafin ka kunna a tsakar gida. Kuma wanda ya saba a kama mai laifi zai tashi da haushi na gaske, ba irin na Prisoners da ake hucewa da musu ba.

Sai abu ɗaya da ya canza yadda ake kallonsa yanzu. A watan Satumba 2019 'yan sandan Koriya suka sanar da cewa gwajin DNA na zamani ya nuna mutumin, Lee Choon-jae, wanda tun 1994 yake hannu saboda kisan ƙanwar matarsa, yana zaman ɗaurin rai da rai a Busan. Ya amsa kisa 14. Ba'a iya gurfanar dashi akan waɗannan ba don wa'adin shari'arsu ya ƙare tun 2006. Ɗan yankin ne, kuma 'yan sanda sun taɓa yi masa tambayoyi a lokacin suka ƙyale shi. Wani bawan Allah kuma da aka matsa wa ya amsa ɗaya daga cikin kisan yayi shekara 20 a gidan yari, sai a Disamba 2020 kotu ta wanke shi. Shi Lee ɗin da aka kawo shi kotu bada shaida yace ya kalli fim ɗin, bai ji komai ba.

Wasu na cewa wannan ya kashe ƙarshen fim ɗin tunda yanzu an san amsa. Ni banga haka ba, saurayin cikin fim ba Lee bane, mutum ne da marubuta suka ƙirƙira, tambayar ko shine ko ba shi bane tana nan yadda take. Amma in kai ne mai sakawa, kar ka faɗi zancen 2019 kafin a fara, in ka faɗa kowa zai zauna yana neman wanda yayi kama da mai laifi maimakon ya kalli 'yan sandan. Ka bari sai sun gama rantsuwa akan saurayin, masu cewa a harbe shi sun faɗa da bakinsu, sannan ka basu labarin mutumin da yayi shekara 20.